Rafin Jakara a Idon Masu Ɗaukar Hoto

Abin da ya jawo wannan ɗan rubutu ya faru ne a hutun da ya wuce, ina zaune a shagon Baffana a Kasuwar Singa. Kowane hutu can nake yini, ina taya shi rubuta rasit da ƙidayar katan-katan na taliya da sabulu da madara, ina kuma sa ido a kan 'yan dako da masu kura kada kaya su bi wata hanya. Ran nan sai ga wani abokina da muke aji ɗaya ya zo da labarin wata gasar ɗaukar hoto da ake kira Wiki Loves Earth. An fara ta a ƙasar Yukiren cikin 2013, a 2014 ta zama ta duniya, Nijeriya ma ta sha shiga. Abin da ake so shi ne mutum ya ɗauki hoton daji ko dutse ko tafki ko tsuntsu na ƙasarsu, ya ajiye a rumbun hotuna na Wikimedia inda kowa zai gani kyauta. Amma akwai sharaɗi, watau wurin ya zamana wanda hukuma ta keɓe take kuma karewa, irin su Yankari ta Jihar Bauchi. Mu nan Kano abin da ya fi kama da haka shi ne Dajin Falgore, shi kuwa ya fi kilomita 100 daga birni.

Abokina ya ce mu haɗa kuɗin mota mu tafi. Ni kuma na ce masa, cikin wasa, ashe duk faɗin Kano babu wata halitta ta Ubangiji da ta isa a ɗauka sai an je Falgore? Ya waiwaya ya dubi manyan motoci da buhunan sukari da lambatun da leda ta toshe, ya ce to in nuna masa. Na rasa abin nunawa. Baffa, wanda muka zaci lissafi ya ɗauke masa hankali, sai ya ɗago kai ya ce, "Ku yaran nan, da kun zo duniya da wuri da kun ɗauki Jakara." Muka ƙyalƙyale da dariya, domin a wurinmu Jakara sunan wari ne. Shi bai yi dariya ba.

Tun daga ranar nake bin diddigin wannan magana. Nufina a nan shi ne in duba su wa suka taɓa kallon Jakara har suka bar mana siffarta, me suka ɗauka, me kuma suka bari. Ina roƙon malamaina na sashen Tarihi su yi mini afuwa, ni ɗalibin Hausa ne na shiga gonarsu.

Saboda mai karatu wanda ba Bakano ba, Jakara rafi ne da ya taso daga cikin birni, ya bi ta gefen Kasuwar Kurmi, ya fita daga ganuwa, ya ratsa ta arewacin Fagge da Sabon Gari, ya gangara wajen Gama da Kwakwaci. A gaba rafin Getsi, wanda ya biyo ta Bompai, yana zuba a cikinsa, su tafi tare har madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir, wadda aka gina cikin 1976. Daga Singa zuwa bakin rafin ba wata tafiya ba ce, mai ƙafa ma yana zuwa ya dawo kafin shayi ya gama hucewa a wurin mai shayi.

Labarin Jakara mafi tsufa da muke da shi a rubuce yana cikin littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci cikin 1908. A farkon littafin, inda ake ba da labarin Barbushe da Tsumburbura da mutanen gindin Dala, an nuna cewa Jakara kurmi ce mai duhuwa kewaye da ruwa, kuma wurin tsafi. Mutanen wancan zamani sun ɗauka cewa itatuwan kurmin ba sa motsi sai in wata masifa na tafe, sa'an nan a kai baƙin bunsuru a yanka. An ce ana kiran wurin Kurmin Baƙin Ruwa saboda launin ruwansa. A nan sai ɗalibin harshe ya tsaya, domin Turawan farko ba sa sa ƙugiya a rubutunsu, saboda haka "baki" da "baƙi" duk ɗaya suke fitowa a takarda, ga shi kuma har yau akwai unguwar Bakin Ruwa a ƙasar Dala. Da mai littafin bai faɗi dalilin sunan ba, da mun daɗe muna jayayya a aji. Ruwan kurmi yakan yi duhu saboda inuwa da ruɓaɓɓen ganye. Na Jakara na yau ma baƙi ne, sai dai dalilin ya sake.

Littafin ya ci gaba da cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wani Sharifi ya zo Kano, wanda masana da yawa suke ɗauka Shehu Magili ne, ya ba da shawara aka sare itacen da ake bauta wa, aka gina hasumiya a gurbinsa. Shi Rumfa ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Sunan kasuwar kansa shaida ne, domin ba a kiran fili kurmi sai in da can akwai itatuwa. Ashe ke nan tun shekara ɗari biyar da suka wuce kasuwa ta fara cin gefen Jakara. Abin da Singa da Sabon Gari suka yi daga baya ci gaba ne kawai da abin da Kurmi ta soma.

Baƙon farko da ya bar mana bayanin wurin dalla-dalla shi ne Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya, wanda ya shigo Kano cikin watan Janairu na 1824 yana kiran kansa Abdullahi. Ya ce ya tarar da wata babbar fadama ta raba birnin biyu, kasuwa tana ci a kan wani ɗan tudu da ya ratsa ta, da damina kuwa ruwa yakan hau wurin. Ya ambaci agwagin daji da sauran tsuntsayen ruwa da ungulaye. Bayansa sai Heinrich Barth, Bajamushe, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya iso cikin Fabrairu na 1851. Ya hau Dala ya zana birnin daga can, aka ba wani mai zane a Turai ya gyara, aka buga a littafin tafiyarsa cikin 1857. Lokacin an riga an ƙirƙiro ɗaukar hoto, domin an bayyana shi ga jama'a a Faransa tun 1839, amma kayan aikin ba irin waɗanda za a ɗora wa raƙumi a ratsa Sahara da su cikin sauƙi ba ne. Saboda haka da alƙalami aka fara zana Kano.

Akwai wani abu da ya kamata in faɗa a nan, ko da yake ya ɓata mini zance. Duka mutanen nan biyu sun koka da ƙazantar ruwan. Sun ce a cikinsa ake zuba shara, sun kuma ɗora masa laifin zazzaɓin da ke damun baƙi. Lalle Bature na wancan zamani ba ya rasa abin kushewa a garin baƙar fata, amma mutum biyu da shekara 27 a tsakaninsu ba za su haɗa baki ba. Don haka duk wanda ya ce mana Jakara ta kasance garau kamar ruwan randa har zuwa jiya, to, ya ƙara gishiri. Bambancin shi ne ƙazantar da can irin wadda ƙasa ke iya cinyewa ce, toka da kashin dabbobi da ruwan wanke-wanke. Agwagwa tana iya zama a ciki. Ta yau ko ƙwaɗo sai ya yi shawara.

Kyamara ta shigo Kano sosai ne tare da bindiga. Turawa sun ci birnin cikin Fabrairu na 1903, jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka biyo dogo daga kudu. Fagge ita daɗaɗɗiya ce, domin tun kafin Turawa nan ne zangon ayarin Azbinawa da sauran fatake a wajen ganuwa. Filin da ke tsakanin tashar jirgi da Fagge da Sabon Gari shi aka ba kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna da ɗakunan ajiya. A nan Singa ta tsiro, 'yan kasuwar kuma suna cewa ta samo sunanta daga kamfanin keken ɗinki na Singer. Mai karatu zai lura cewa wannan yanki tun asali don kaya aka tsara shi, babu wanda ya ware wa itace ko ruwa wuri a cikinsa. Inda aka shuka itatuwa aka bar fili shi ne Nassarawa da Bompai, unguwannin Turawa, waɗanda dokar garuruwa ta 1917 ta ce a bar tazarar yadi 440 tsakaninsu da mazaunin 'yan ƙasa, wai don gudun sauro. A idon likitan Turawa, rafi da kududdufi a cikin gari gidan sauro ne, abin da za a cike ko a zuba wa mai. Wanda yake kallon abu da wannan ido ba zai ɓata fim a kansa ba.

Duk da haka hoton da ya fi nuna mana ruwan Kano na da, Bature ne ya ɗauka, daga sama kuma. Jiragen sama na farko sun sauka Kano cikin Nuwamba na 1925. Bayan shekara biyar wani matuƙi ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya biyo ta Kano a tafiyarsa ta 1930 zuwa 1931 zuwa Tafkin Chadi, ya ɗauki birnin daga cikin jirgi. Hotunan suna ajiye a ɗakin karatu na babbar makarantar fasaha ta Zurich, an kuma sake su ga kowa. Na daɗe ina kallonsu. Ga soraye na ƙasa sun cushe kamar saƙar zuma, ga gonaki a cikin ganuwa, ga kududdufai nan da can a tsakanin gidaje. Waɗannan kududdufai ba daga sama suka faɗo ba. Ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ta gidaje da ta badala, wadda aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12. In damina ta faɗi sai su cika, su riƙe ruwan da zai shiga ɗakunan mutane. Watau kowane soro a birni yana da raminsa a wani wuri, gini da kududdufi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Sai dai hoton sama ba ya nuna abin da ke cikin ruwa. Ba ka ganin kifi, ba ka ganin yaron da ke wanka, ba ka kuma san sunan kududdufin ba, domin matuƙin bai tambaya ba.

Waɗanda suka sauko ƙasa, kamar E. H. Duckworth wanda ya daɗe yana shirya mujallar Nigeria, da 'yan jarida da masu yawon buɗe ido da suka biyo baya, sun bar hotuna masu yawa. Amma in mutum ya jera hotunan Kano na zamanin Turawa zai ga abu biyar ko shida ne suke ta maimaituwa: dalar gyaɗa, marinar Ƙofar Mata, hawan salla, ƙofofin ganuwa, babban masallaci, da raƙumi a gefen jirgin sama. In ruwa ko itace ya fito, to, ya shigo ne ta gefe ba da gayya ba. Dalar gyaɗa ta samu masu hoto domin kuɗi ce. Yau babu dalar, amma ko yaro ya san kamanninta. Jakara tana nan, amma babu wanda zai nuna maka yadda take a 1950.

To, mu fa? Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin zargin Bature ba shi da wuya. Bayan 'yan kwanaki Baffa ya zo mini da wani tsohon kundin hotuna daga gida, a nannaɗe cikin leda saboda gara. An haife shi a Fagge kafin samun 'yancin kai, ya kuma yi ƙuruciyarsa a nan. Kusan duka hotunan a Sabon Gari aka ɗauke su, domin a lokacin can ne shagunan hoto suke, galibinsu kuma na mutanen kudu. Ga Baffa da abokansa ranar salla, kowa ya kafa hula ya ɗora hannu a gwiwa don agogo ya fito. Ga shi riƙe da rediyo. Ga shi a kan babur ɗin da ya ce ba nasa ba ne. Ga ƙananan hotunan fasfo irin na mai akwati da baƙin ƙyalle, wanda yake wanke maka nan take ka tsaya ka karɓa. Hoto a lokacin tsada gare shi, ana kuma yi masa shiri kamar tafiya biki. Fim yana da adadi, in ka ɓata ɗaya ka yi asara. Ba wanda zai kashe kuɗinsa a kan abin da yake gani kullum kyauta.

Wani hoto guda shi ya tsayar da ni. Baffa ne yana saurayi, tsaye gaban labulen mai hoto, a jikin labulen kuwa an zana kogi shuɗi da itatuwan kwakwa da wani ɗan kwalekwale. Na ce, "Baffa, wannan wane kogi ne?" Ya ce, "Oho, na mai hoto ne." Na ce, "A lokacin Jakara tana da ruwa?" Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Da damina har tsoron tsallaka ta muke yi. A kududdufan gefenta muke kama tarwaɗa, in Inna ta ga idonmu ya yi ja ta san inda muka je, sai bulala." Ke nan ya bar rafi na gaske a bayan unguwa, ya biya kuɗi aka ɗauke shi gaban rafin fenti. Ban faɗi wannan don in yi masa ba'a ba. Ni ma da na duba wayata na tarar da hotuna fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kusan duka fuskata ce da ta abokaina, babu itace ko ɗaya da na ɗauka don kansa.

Wasu za su ce addini ne ya hana mu sakin jiki da hoto. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani a kan surar abu mai rai, akwai kuma dattawan da har suka koma ga Allah ba su yarda an ɗauke su ba sai don fasfon aikin Hajji. Amma wannan hujja ba ta tsaya ba, domin itace da dutse da ruwa ba su ne abin saɓanin ba. Abin mamaki, wanda aka yi jayayya a kansa, watau surar mutum, shi muka rungumi ɗauka, har muna rataye hotunan shehunai da na 'yan siyasa a shaguna da jikin motoci. Wanda babu jayayya a kansa shi muka bari. A ganina dalilin yana wani wuri. Bahaushe yana kallon rafi da daji a matsayin wurin aiki, inda ake noma da itace da wanki da jima. Kyau a wurinmu na mutum ne da doki da riga da gini. Ko a waƙa, in an ambaci kogi ko giwa ko gamji, galibi ana kirari ne ga wani sarki. Wannan ra'ayina ne, ina kuma jiran masu nazarin waƙa su yi mini gyara.

Ana cikin wannan hali rafin ya sake kama, ba wanda ya ɗauka. Gari ya cika ya tumbatsa. Masana'antun Bompai, har da na jima, suka riƙa sako ruwansu ta Getsi. Jini da ƙazantar mayankar Abbatuwa suka bi ta Jakara, haka ma lambatun birni da na Fagge da na Sabon Gari. Sa'an nan leda ta zo, ita kuwa ba ta ruɓewa. A nan dole in sunkuyar da kai, domin kusan duk abin da muke sayarwa a Singa a cikin leda yake zuwa, ledar taliya da ta omo da ta alewa da na gani a bakin rafin irin waɗanda nake rubuta wa rasit ne. Kududdufai kuma, da siminti ya maye gurbin ƙasa, sai amfaninsu na farko ya ƙare, fili ya yi tsada, aka shiga cike su da shara ana yanka filaye. Dattawa suna ambaton Mai Allo da Hauren Shanu da Hauren Wanki, wanda ya je neman ruwan da suke kwatantawa zai tarar ya tsuke ƙwarai ko kuma gini ya hau kansa. Ruwan sama bai san an sayar da masaukinsa ba, in ya zo ya rasa wuri sai ya shiga gidaje da shaguna. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwashe katan-katan cikin dare zuwa saman kanta ya san wannan. Daga baya, a mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka soma aikin titin da ake kira Wuju-Wuju, wanda aka tsara zai bi ta kan rafin a cikin birni, ruwan ya koma gudu a ƙarƙashin kankare. Mutanen da suka yi shekaru suna shaƙar warin ba za su ƙi wannan ba, ni ma ban ga laifinsu ba. Abin da nake cewa shi ne an rufe fuskar da ba a taɓa ɗauka ba.

Ba ruwa kaɗai ya tafi ba. Ungulun da Clapperton ya gani a 1824, Baffa ya ce a ƙuruciyarsa sun fi kaji yawa a bakin mahauta. Ni kuwa, da na haura shekara ashirin a Kano, ban tuna ranar da na ga ungulu da idona ba, sai a karin magana. Cikin 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa irin wannan ungulu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Wa zai ɗauki hoton ungulu a 1965? Ai sai a ce ya taɓu.

Duk da haka ba za a ce kakanninmu ba su bar kome ba. Sun bar sunaye. Kurmi, Kurna, Rimi, Ɗorayi, Giginyu, Durumin Iya, Tsamiyar Boka, Kukar Bulukiya, Rijiyar Lemo, Kwarin Gogau, Ƙofar Ruwa. Har da Alkantara, wadda kalma ce ta Larabci mai nufin gada, gada kuwa ba a yin ta sai a kan ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kamar dodon hoto ne da ba a wanke ba, siffar tana ciki, sai an sami mai fito da ita. Yaron da ke hawa adaidaita sahu zuwa Giginyu bai taɓa kawo wa ransa cewa jam'in giginya yake faɗa ba. Wannan aiki namu ne, mu ɗaliban Hausa, tun da ɗan sashen kimiyya zai auna gubar da ke cikin ruwa amma ba zai tambayi tsohuwa sunan kududdufi ba.

Saboda haka nake kawo shawara ga wannan ƙungiya tamu, mu shirya tamu gasar, ta cikin gari, ba tare da sharaɗin cewa sai wurin da hukuma ta keɓe ba. Kowa ya ɗauki abin da ya rage a unguwarsu, ko tsohuwar kuka ce, ko saura kududdufi, ko lambu, ko balbela a kan juji. Sharaɗin da zan so a sa shi ne kada a karɓi hoto sai da sunan wurin, da ranar da aka ɗauka, da sunan itacen ko tsuntsun da Hausa, da kuma abin da wani dattijo na unguwar ya faɗa game da wurin. A kuma wanke waɗanda suka yi fice a takarda a ajiye a ɗakin karatu, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Abokina ya ce wannan tonon silili ne, za mu nuna wa duniya ƙazantar garinmu alhali wasu suna nuna duwatsu da magangarar ruwa. Na ce masa da Barth ya ji kunyar rubuta abin da hancinsa ya shaƙa, da yau ba mu da abin kafa hujja. Bai gamsu ba, har yanzu yana tara kuɗin motar Falgore, ina kuma yi masa fatan alheri.

Ni dai na soma. Wata Juma'a da sassafe, kafin a buɗe shago, na lallashi Baffa muka hau adaidaita sahu zuwa gadar da ke kan titin Filin Jirgi. Ruwan yana tafiya a hankali, baƙi ƙirin, da kumfa a gefe. Amma daga can gaba ga lambuna kore shar, latas da alayyahu da kabeji, masu lambu suna jan ruwan nan da inji suna ba su, kayan kuma kasuwannin gari za a kai. Ga balbelu sun fi goma suna kiwo a bakin ruwan, farare tas kamar ba a nan suke kwana ba. Baffa ya tsaya ya daɗe bai ce kome ba. Can ya nuna wani dogon bene ya ce a wajen nan akwai wata ƙatuwar tsamiya da suke ajiye riguna in za su shiga ruwa. Na rubuta.

Da na ɗaga waya, sai na ga ya gyara hula, ya saɓa hannun riga, ya tsaya cak a gabana ya rufe rafin gaba ɗaya. Na ce, "Baffa, don Allah ɗan matsa gefe kaɗan." Ya dube ni da mamaki ya ce, "In na matsa, to, me za ka ɗauka?" Na ɗauki biyu, ɗaya da shi, ɗaya babu shi. A hanyarmu ta komawa Singa ya ce in wanke masa na farkon, babba, zai rataye a shago.